Farcen da Na Aika wa Inna

Direba ya kashe mota ya ce kowa ya sauka, an iso. Na diro ina waige-waige, ina neman teku. Jar ƙasa na gani, da zabi a kwanduna, da wata mata tana suyar ƙosai a gindin bishiya. Na gaishe ta, na tambaye ta ko nan ne Lome. Ta dube ni tun daga hula har silifas.

"Lome? Nan Dapango ne, ɗan'uwa. Nan ne kan ƙasar, Lome yana can wajen ƙafa. Wa ya kawo ka?"

Wanda ya kawo ni kuwa ya riga ya sulale. Mu bakwai ya kwaso daga Kamba da alkawarin aikin dako a tashar jiragen ruwa. Ya karɓi abin da zai karɓa tun a hanya, ya tattara takardunmu ya ce zai je a buga musu hatimi. Har yau ana buga hatimin nan. Cikin kwana uku kowa ya kama gabansa. Ni na tsaya, don ba ni da abin yin gaba, ba ni kuma da fuskar komawa garinmu Jega.

A masallacin zango wani mahauci, Malam Isufu, ya lura kullum ina wuri guda bayan an watse. Bai yi min tambayoyi da yawa ba. Ya sa aka kawo min tuwo, ya nuna min tabarma a zaurensa, da safe ya ce in biyo shi mahauta. Aikin da na samu shi ne babbakar kai da ƙafa. In hura wuta, in ɗora ƙafafun shanu, in kankare, in ƙwanƙwashe kofato ya fita in jefa shi gefe. Ƙauri ya shiga rigata, ya shiga gashina, ya shiga har cikin abincin da nake ci. Bayan wata guda na daina jin sa sam.

Ni ɗan mai turare ne, shi ya sa abin ya fi min ciwo. Mahaifiyata, Inna, turaren wuta take haɗawa, kuma a Barno ta koya tun tana budurwa. A Jega in an ce turaren Inna ne a ɗakin amarya, ba mai sake tambaya. Tana da hawi, da kajiji, da sandal, da jawul, amma abin da ta fi ji da shi shi ne farce. Farcen turare wani ɗan marfi ne mai kama da busasshen ganye, wanda dodon koɗin teku ke rufe bakin gidansa da shi. Inna takan jiƙa shi, ta kankare, ta wanke, ta soya, ta daka. Shi ke riƙe ƙamshi a ɗaki da tufafi. Shekara arba'in tana aiki da shi, ba ta taɓa ganin halittar da ke ɗauke da shi ba. Idanunta sun yi yana, ba ta gani sosai, da hannu da hanci take aikinta.

Ranar da na fara kiran gida, ƙanwata Hauwa ta miƙa mata wayar. Sunan mahaifin Inna aka sa min, don haka Babana take ce min.

"Babana, ka isa?"

"Na isa, Inna."

"Ka ga tekun?"

Ina tsaye a bayan mahauta, ƙudaje na bin ƙafata. Na tuna yadda ta bi gida gida tana gaya wa maƙwabta ɗanta zai tafi aiki bakin teku.

"Na gani," na ce.

"Ya fi gulbinmu?"

"Inna, ba a hango ƙarshensa."

Ta yi ta hamdala. Daga ranar na zama mutumin Lome. Hauwa ta matsa sai na tura mata hoto, na je shagon wani mai aski na ɗauki tekun da ke jikin kalandarsa, na yanke wajen kwanan wata. Duk ranar Juma'a sai na ƙara wa tekun nan wani abu, yau jirgi, gobe masunta. Har gishirin iskarsa na ba su labari, ni da ko rafin kirki ban gani ba a Dapango.

Wata na biyar Inna ta kira ni da kanta. Hajiya Turai za ta aurar da jikarta. Inna ce ta yi wa 'ya'yan Hajiya mata huɗu turaren aure, yanzu ga jika ta farko. Inna ta ce farcen da ake kawowa kasuwa ya zama tsoho, duk ya bushe ya mutu.

"Tunda Allah ya kai ka gindinsa, ka samo min sabo daga hannun masu ciro shi. Ina so in yi wa yarinyar nan turaren da ban taɓa yin irinsa ba."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ce an gama.

Na shiga kasuwar Dapango ina tambaya. Aka yi ta tura ni daga rumfa zuwa rumfa, har na faɗa hannun wani Bawa, mai sayar da wuri da fatu da saiwoyi. Da na ambaci farce sai ya washe baki kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce in dawo jibi, kaya na kan hanya daga teku. Jibi ya fito min da ƙunshi a cikin buhun sukari. Ga su nan baƙi-baƙi, a lanƙwashe, suna ƙarnin kifi. Na sha ganin farce a faifan Inna, amma kallon yaro na yi masa, ban taɓa ɗauka na juya ba. Na shinshina na gyaɗa kai irin na masana. Na ba shi duk abin da na tara a babbaka, har da godiya. Na ɗebi cikin tafin hannu na ajiye don tunawa, sauran na ba wani direban shanu da zai bi ta Kamba.

Bayan kwana goma Inna ta kira. Ta yi godiya, ta sa albarka, sannan ta kawo maganar farcen.

"Babana, farcen nan naka, na shafa na ji shi da santsi ta kowane gefe. Wanda na sani, cikinsa daban, bayansa daban. Da na soya kuma ƙaurinsa bai tafi yadda na saba ba."

Bakina ya riga ya saba da ƙarya.

"Haka na nan yake, Inna. Sabo ne. A gabana masunta suka ciro shi, da idona na gani."

"To," ta ce. "Kai ka gani. Ashe tsoho muke ta saye duk shekarun nan."

Na yanke shawarar in tafi Lome ko ta halin ƙaƙa, in ga tekun nan, ko ƙaryata ta zama gaskiya daga baya. Malam Isufu bai hana ni ba. Ya sa ni a motar da ke kai shanu Sokode, a kan hanyar Lome, ya ce iyakar inda hannunsa ya kai ke nan. Ya ba ni sunan yayarsa da ke zangon Sokode, ya cusa min kilishi a aljihu ya juya da sauri.

A saman katakon mota na yi tafiyar, shanu na ƙarƙashina. Muka wuce Bombuwaka, muka wuce Mango. A kowane shinge sai in kwanta in lafe, don ba ni da takarda ko ɗaya. Bayan Kara hanya ta fara hawan duwatsu, motar na nishi, wani sa ya faɗi sauran suka hau tattaka shi. Ni da yaran mota muka sauka cikinsu muka ɗaga shi da igiya, wani sa ya taka min ɗan yatsa har ya fashe. Da muka shiga Sokode da la'asar na ga masallatai ta ko'ina, na ji ana Hausa a bakin hanya, sai kewar gida ta taso min.

Yayar Malam Isufu, Maman Adiza, tsohuwa ce gajera mai faɗa, Hausarta irin ta can, wadda ba ta raba mace da namiji. Ta dubi yatsana, ta zage ni, ta zagi direban, ta zagi san da ya taka ni, sannan ta dafa ruwa ta gasa min. Ta cika min kwano da wake da shinkafa, wanda suke kira wace, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Shekara talatin ta yi a Aneho, a bakin teku, tana ƙyafe kifi, kafin mijinta ya rasu ta dawo gida. A ƙofar ɗakinta akwai wani babban daro a rufe da tsumma. Kwana biyu ina kallonsa, a na uku na tambaya.

Ta yaye tsumman. Katantanwa ce cike, iri-iri, wasu ban taɓa zaton akwai su a duniya ba. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ta tsinta ya burge ta a shekarun nan, shi ta ajiye.

"Zauna, ɗan Nijeriya. Kai za ka Lome, ba ka san komai ba, za su cinye ka."

Ta ɗauko wata ƙatuwa mai santsi, ruwan ƙasa-ƙasa, bakinta a wangale kamar ludayi. Ta ce naman wannan ya fi gidansa girma, ba ya shiga duka, don haka ba shi da ƙofa. Duk wanda ya ce min ga farcensa, in kama jakata in gudu. Ta ɗauko masu ɓawo biyu, wasu masu kauri da layi-layi da ake ƙonawa a yi farar ƙasa, wasu ƙanana masu launi da yara ke tonowa a rairayi idan ruwa ya ja baya. Su ma ba su da ƙofa, rufe kansu suke yi. Ta nuna min wasu dogaye masu sheƙi kamar an shafa musu mai, ta ce a cikin yashi suke kwana, shi ya sa ba sa dusashewa. Wuri kuwa, da na ɗauka a nan ake haƙo shi, ta ce wanda masu rawa ke ɗaurawa baƙo ne, daga wani teku mai nisa aka kawo shi tun zamanin kakanni.

Ta koya min gane wanda aka tsinta da rai da wanda ya daɗe da mutuwa. Na farko cikinsa na sheƙi, bakinsa da kaifi. Na biyu ruwa ya goge shi ya yi fari, yana da huji-huji. Idan ka ga ɗan rami guda, zagayayye tsaf, to wani ɗan'uwansa ne ya huda shi ya shanye shi. Tana magana tana shafa su, kuma a lokacin ne kaɗai na ji muryarta ta yi laushi. Na ji ina ma Inna ce a zaune a wurin nan ba ni ba.

Daga ƙarshe ta ɗauko wata mai ƙayoyi, da wata baƙa doguwa ta bakin ruwan da ke haɗuwa da teku.

"Waɗannan su ne masu ƙofa. Masu turare daga Nijeriya suna zuwa har Aneho neman shi."

Ta kwance wani ƙulli ta zuba min farce a hannu. Ta sa na juya shi. Bayansa yana da zobba-zobba, suna tasowa daga gefe guda, ɗaya a kan ɗaya. Cikinsa yana da tabo marar sheƙi inda ya manne da naman, gefen tabon kuma yana ƙyalli.

Ni da rawar kai, sai na ce ai na san farce, mahaifiyata mai turare ce, har na aika mata buhu daga Dapango. Na shiga na ɗauko ɗan abin da na ajiye na zuba mata a zane.

Ta ɗauki ɗaya. Ba ta ko kai shi hanci ba. Ta juya shi sau biyu, ta bi gefensa da babban yatsa.

"Ina zobban?"

Na duba. Layi ne a miƙe, ba zobe ko ɗaya.

"Dubi nan, wuƙa ne ya yanka. Wannan kofaton shanu ne, ɗana. A abatuwar, wato mahauta, suna tsinta, su fere shi, su gasa ya lanƙwashe, su jiƙa a ruwan kifi. Wa ya sayar maka?"

Na tuna mutanen da kan zo bayan mahautar Malam Isufu da buhu suna kwashe kofaton da nake jefarwa. Har taya su ɗurawa nake yi.

"Mamanka bai gane ba? Mai turare?"

Na gaya mata abin da Inna ta ce, da abin da na ce mata. Na gaya mata komai, har kalandar mai aski. Maman Adiza ta ture kofaton gefe.

"Mamanka ya san aiki. Hannunshi ya gaya mishi gaskiya, kai ka toshe mishi baki. Tashi ka kira shi yanzu yanzu, kafin ya zuba a turaren mutane."

Hauwa ce ta ɗauka. Ban gama sallama ba ta fashe da kuka. An yi bikin tun Juma'ar da ta wuce, ta yi ta nemana wayata ba ta shiga. Ranar da dangin ango suka zo ganin ɗaki aka zuba turaren a garwashi. Da farko ƙamshi ya tashi, mata suka fara yabo. Da man ya ƙone sai ƙauri ya biyo baya, ya cika ɗakin, ya kama labule da zannuwan gado. Wata gwaggon ango ta toshe hanci ta tambaya ko a ɗakin amarya ake babbakar ƙafar sa. Aka yi dariya. Amarya ta yi kuka, aka fito da kaya aka shanya a tsakar gida, mutane na kallo.

"Yaya, washegari Inna ta sa na ja ta har gidan Hajiya Turai. Ta durƙusa a gaban yaran da ta girme wa iyayensu, ta ce a yafe mata, tsufa ya kama ta, hancinta ya mutu ba ta sani ba. Da muka dawo ta rarraba kaskonta da turminta da kwalabenta. Yanzu ko miya aka ce ta shinshina sai ta ce a ba wani."

Na ce wa Hauwa zan sake kira. Ban kira ba. Kwana huɗu ina bin mahautan Sokode ina ɗaukar musu nama a kai, in dawo in zauna ina kallon daron nan. Na yi baƙin ciki iri-iri a tafiyar nan, amma wannan daban ne, don ba wanda zan zaga sai kaina. Na yi tunanin in ce Bawa ne ya cuce ni in tsaya nan. Amma ba Bawa ne ya ce ya ga masunta da idonsa ba.

A rana ta biyar da safe Maman Adiza ta hana ni fita. Ta zauna ta tsince farce mafi kyau a ƙullinta, na mai ƙayoyin nan, ta ɗaure a tsumma ta ajiye a gabana. Ta ɗora katantanwa mai ƙayoyi guda a kai, ta ce a kai wa Inna ta shafa ta ji gidan da ƙofar take rufewa.

"Amma ba za ka taɓa shi ba sai ka kira. Tsoho yana can yana zargin hancinshi, kai kana nan kana cin wace na."

Na kira. Na ce wa Hauwa ta ba Inna wayar ta fita waje.

"Babana, ya bakin ruwa?"

"Inna, ba hancinki ba ne."

Na ci gaba kafin ta amsa.

"Kofaton shanu ne na aiko miki. A kasuwar wani gari na saya, Dapango, ban san shi ba ne. Ba masuntan da na gani. Inna, ban taɓa zuwa Lome ba. Ban taɓa ganin teku ba, ko sau ɗaya. Hannunki ya gane, hancinki ya gane, ni na yi miki ƙarya."

Ina jin kajin gidanmu ta cikin wayar. Ina jin numfashinta. Na jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Yanzu kana ina?"

"Sokode."

"Kana samun abinci?"

"Ina samu."

"Wa ka gaya wa maganar nan a gida?"

"Ke kaɗai."

"Hauwa fa?"

"Ba ta sani ba."

"To ta tsaya nan."

Na ce a'a, ni zan kira Hajiya Turai da kaina in faɗa mata. Na ce ga farce na gaske a gabana, wata baiwar Allah ta ba ni, zan aiko gobe. Na roƙi Inna ta karɓo kayan aikinta, ta haɗa wa yarinyar wani turaren, kowa ya ji da hancinsa cewa Inna tana nan yadda take. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Ta bar ni na gama.

"Babana, saurara. Na je na durƙusa na ce tsufa ne. Kowa zai tsufa, ba wanda zai goranta min. In na sake haɗa turare ya yi kyau, za su ce to na wancan karon me ya same shi? Daga ina farcen ya fito? Duk unguwa ta san wanda ya aiko, ni na bi na gaya musu da bakina. Kana da aure a gabanka. A garin nan za ka dawo ka zauna."

"Inna, sana'arki ce. Shekara arba'in."

"Na sani. Ni na yi su."

"Don Allah, Inna."

"Ka mayar wa matar nan kayanta, ka yi mata godiya. Hancin ya mutu, Babana. Haka na faɗa, haka za ta zauna."

Sai ta ce ana kiran salla, ta kashe wayar. Na duba agogo. A Jega ko ƙarfe sha ɗaya na safe ba ta yi ba.